Aikido: wasan da ake farawa da koyon faɗuwa

Na gode wa waɗanda sunka shirya wanga zama, na kuma gode muku da kunka bar shayi bisa wuta a fada kunka zo kunka zauna kan benci don ku ji wani yana maganar wasan Japanawa. Na san abin da ya kawo rabinku. Tun daga bakin ƙofa wani ƙanena ya tare ni ya ce: "Yaya, kai ne mai wasan Nico?" Ga waɗanda ba su tarar da zamanin ba, Nico fim ne na Steven Seagal da ya fito a 1988. Mu mun gan shi a gidan bidiyo muna yara, dala biyar-biyar a bakin ƙofa, dogon mutum yana karya hannuwan mutane kamar yana karya karan dawa. Seagal ya yi aikido da gaske, ya zauna Japan, ya koyar a birnin Osaka. Amma in abin da kunka gani cikin fim ɗin kunka zo nema, ku yi mani haƙuri tun yanzu, yau ba wanda za a karya wa hannu.

Ba na yi muku dariya, don ni ma abin da ya kai ni ke nan. Ina shekara ta biyu ta karatu a Maroko, wani dare ina komawa ɗakina, samari uku sunka tare ni cikin wani lungu. Sunka karɓe waya, sunka karɓe kuɗin da zan ci da su har ƙarshen wata, kuma da za su tafi, ƙaramin cikinsu ya juyo ya kwaɗa mani mari. Haka nan kawai, ya riga ya samu abin da yake so. Wayar na manta da ita cikin sati biyu. Marin kuwa na kwana da shi, na tashi da shi, ina cikin aji mushe yana bayani ni ina can cikin lungun ina rama shi. Na fita neman wurin koyon dambe. Ɗakin wasan da ke kusa da masaukina, wanda kuma aljihun ɗalibi zai iya ɗauka, aikido ake yi cikinsa. Na tuna da Nico, na ce shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ashe bakina ne ya kama ni. Malamin dattijo ne ɗan ƙasar, gajere, ba jiki, in ka gan shi a kasuwa sai ka ɗauka tela ne. Na gaya mashi abin da ya faru da ni, na ce ina so in koyi yadda ake karya hannun mutum. Ya ce to, ka zo gobe. Gobe ta yi, ya kai ni kusurwar ɗaki ya ce in durƙusa in mirgina. Jibi ma haka. Wata uku cur, sau uku a sati, abin da na fi yi ke nan: in mirgina gaba, in mirgina baya, in tashi, in sake. Wasu na can tsakiya suna jifar juna, ni ina kusurwa kamar yaron da anka hora. Sau biyu na ce ba zan koma ba. Kuɗin da na riga na biya ne sunka mayar da ni, gaskiya ɗaya ce.

Wagga faɗuwa sunanta ukemi, kuma ina so in daɗe a kanta, don ita ce abin da fim ba ya nunawa. Ku duba yadda mutum yake faɗuwa in bai koya ba. Yana sandarewa, ya miƙa tafin hannu don ya tare ƙasa, nauyin jiki duka ya sauka bisa wuyan hannu ko gwiwar hannu ko ƙashin kafaɗa, shi ya sa can ne ake yawan karyewa. Ko kuma ya faɗi ta baya ƙeya ta bugi ƙasa. A ukemi kana sunkuyar da haɓa ta taɓa ƙirji, ka lanƙwasa hannu kamar ka rungumi babbar ƙwarya, ka bar jikinka ya bi ta bayan hannu zuwa kafaɗa, ya ratsa baya a karkace ya fita ta ɗaya ƙugun, ka tashi bisa ƙafafunka. Kai ba ya taɓa ƙasa. Ƙarfin faɗuwar ba ya taruwa wuri guda, yana rarraba kamar yadda taya ke birgima. Ana farawa daga durƙuso, sannan daga tsugune, sannan daga tsaye, sai can bayan shekaru a koyi wadda ake tashi sama a sauka gaba ɗaya ana bugun katifa da hannu.

Abin da ya fi yi mani wuya shi ne zuciya ta yarda. Mu mun tashi ga kokowa. Tun 1975 da anka fara gasar takobi a Tawa, kowane yaro a ƙasar nan ya san cewa da ka kai ƙasa kiɗa ya canza, jama'a sun tashi, an ɗauki wani bisa kafaɗa kai kuma kana karkaɗe rairayi. Kaye abin kunya ne. Sai ga ni cikin ɗakin da mutum yake faɗuwa sau ɗari cikin awa ɗaya da rabi, babba da ƙarami, mai baƙar ɗamara da wanda ya zo jiya, kuma ana yabon mutum da cewa wane ya iya faɗuwa. Na daɗe kafin kaina ya ɗauki wannan.

Bari in gaya muku inda ta biya ni. Shekara 6 na yi ina aikido can, na dawo gida, ban taɓa kayar da ɓarawo da shi ba har yau. Amma wata rana a Maraɗi ina bayan kabu-kabu, akuya ta ratso, yaron ya taka birki, babur ya yi gefe. Ban yi tunanin komai ba. Na dai tsinci kaina tsaye, riga ta yage a kafaɗa, gwiwa ta ɗan kurje. Mai babur ɗin sai da anka kai shi wurin ɗori. Ku da kuke yini bisa babura cikin garuruwan nan, ku yi lissafi da kanku: sau nawa anka tare ku da wuƙa, sau nawa kunka faɗi ko kunka kusa faɗuwa?

To, sunan kansa. Kalmomi uku ne: ai, ki, do. Ai haɗuwa ce ko dacewa, kamar murfi da tukunyarsa. Do hanya ce, ita ce wadda ke cikin judo da kendo. Ki ce ke rikita mutane, har wasu sunka mai da ita kamar asiri. A bakin Bajapane kalma ce ta yau da kullum. Tana cikin genki, wato ƙoshin lahiya, tana cikin tenki, wato yanayin gari, tana cikin byoki, wato rashin lahiya. Tana nufin numfashi, niyya, kuzarin da ke cikin abu. Saboda haka aikido hanya ce ta dacewa da ƙarfin da ya taso maka. Ba laya ba ne, ba tauri ba ne. In kun ga bidiyo a Facebook wani tsoho yana ɗaga hannu mutane biyar suna zubewa bai taɓa su ba, waɗannan almajiransa ne da sunka saba faɗuwa don girmama shi. Ku kai mashi ɗan kokowa guda daga Dosso ku gani.

Yadda ake darasi kuwa, malami ya nuna dabara sau uku ko huɗu, kowa ya nemi abokin yi. Ɗaya shi ne uke, mai kawo hari ya kuma ɗauki faɗuwa. Ɗayan shi ne nage ko tori, mai yin dabarar. Ka yi sau huɗu, dama da hagu, sai ku sauya, wanda ya jefa ya koma shi ake jefawa. Rabin lokacinka kai ne a ƙasa. Kusan dukkan dabarun suna tsaye bisa motsin ƙafa iri biyu. Irimi shi ne ka shiga, ka tako gaba a ɗan karkace ka wuce layin harin har ka tsinci kanka a gefen mutum ko bayansa, inda hannunsa ba ya kai maka. Tenkan shi ne ka juya bisa ƙafa ɗaya kamar ƙyaure, ka koma kana duban inda shi ma yake duba, ƙarfinsa ya wuce ta gabanka. Wanda ya taɓa jingina da ƙofa yana turawa da ƙarfi sai wani ya buɗe ta daga ciki, ya san abin da uke ke ji. Ba wanda ya ture shi, ƙarfinsa ne ya rasa inda zai sauka.

Daga nan sai riƙon gaɓoɓi da jifa. Ikkyo, dabara ta farko, ka kama gwiwar hannu da wuyan hannu ka kai mutum ƙasa rubda ciki. Ita ce ake fara koya wa sabo, kuma ita ce dattawa masu shekara 40 cikin wasan suke cewa har yanzu suna gyara ta. Akwai nikyo da ke murɗa wuyan hannu, zan dawo kanta don ina da labari da ita. Akwai kotegaeshi, akwai shihonage, akwai iriminage wadda kunka fi gani cikin fim. Ana yin wasu a durƙushe, ana tafiya bisa gwiwa, don mutanen Japan na dauri a ƙasa suke zama cikin ɗaki. Ana kuma aiki da takobin icce, bokken, da sanda, jo, da wuƙar icce, saboda yawancin motsin hannu daga saran takobi anka ɗauko shi.

Yanzu mu je ga mai shi. Sunansa Morihei Ueshiba, almajiransa suna ce mashi O-Sensei, babban malami. An haife shi ranar 14 ga Disamba 1883 a garin Tanabe, ya rasu ranar 26 ga Afrilu 1969. Gajeren mutum ne, bai kai mita 1 da santimita 60 ba. Yana yaro ba shi da ƙoshin lahiya, ubansa ya tura shi ga kokowar sumo da ninkaya don ya yi ƙwari. Ya yi soja lokacin yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905. A 1912 ya jagoranci wasu iyalai daga garinsu zuwa tsibirin Hokkaido, can arewa mai tsananin sanyi, sunka sare daji sunka kafa ƙauye a Shirataki. Can ne a 1915 ya gamu da Sokaku Takeda, malamin wani salon faɗa mai suna Daito-ryu, mutum mai zafin rai da ba ya yarda da kowa. Mafi yawan riƙon da muke yi yau daga hannun Takeda sunka fito, kuma a hannun Takeda an yi su ne don a nakasa mutum.

Ƙarshen 1919 aka aiko mashi ubansa ba lahiya. Yana kan hanya ya ratse zuwa Ayabe, wurin Onisaburo Deguchi, shugaban wani sabon addini da ake kira Omoto, don a yi wa uban addu'a. Kafin ya isa gida uban ya cika. Ya kwashe iyalinsa ya koma Ayabe ya zama na hannun daman Deguchi. A 1924 ya bi shi zuwa Mongoliya, wai za su kafa daular zaman lahiya, sojojin Sin sunka kama su, saura kaɗan a harbe su, sai da ofishin jakadancin Japan ya sa baki. Shekara ɗaya bayan haka, a 1925, kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, wani hafsan sojan ruwa ya kawo mashi sara da takobin icce, shi ba komai a hannunsa, ya yi ta gocewa har hafsan ya gaji ya bari. Ya fita lambu ya huta, sai ya ji kamar haske ya lulluɓe shi, ya fahimci cewa asalin fasahar yaƙi shi ne kare rai. Daga wannan rana masu son aikido suke fara labarin "fasahar zaman lahiya".

Su kan tsaya nan, ni ba zan tsaya ba, don ku ba yara ba ne. Bayan wannan haske na 1925, Ueshiba ya koma Tokyo a 1927 da taimakon manyan soja irin su Admiral Isamu Takeshita. A 1931 ya buɗe ɗakin horo mai suna Kobukan, wanda saboda tsananin horon cikinsa mutane sunka yi mashi laƙabi da ɗakin jahannama. Cikin shekarun da Japan ke mamaye ƙasashen maƙwabtanta, ya koyar a makarantun sojan ƙasa da na ruwa, da makarantar ƴan leƙen asiri ta Nakano, ya kuma je Manchuriya, ƙasar da Japan ta ƙwace daga Sin, inda ake koyar da fasaharsa a jami'ar Kenkoku. Mutumin da muke rataya hotonsa da farin gemu yana murmushi, shi ne wannan. Sai a 1942, yaƙi na tsakiya, ya ajiye muƙamansa ya koma ƙauyen Iwama yana noma, ya gina wurin ibada da ƙaramin ɗakin horo. A shekarar nan ne sunan aikido ya zauna. Japan ta sha kaye a 1945, birane sun ƙone, har ɗakin horon na Tokyo ya zama masaukin iyalan da bom ya rushe wa gidaje. Ƙungiyar Aikikai ta samu izinin hukuma a 1948, kuma ɗansa Kisshomaru ne ya tsara wasan yadda farar hula za su iya koyonsa, ya rage zancen addini, ya buɗe ƙofa ga kowa. Jikansa Moriteru ne ke riƙe da gidan tun 1999, a unguwar Shinjuku, inda har yau ake fara darasin farko da ƙarfe 6 da rabi na safe.

Ni abin da na ɗauka daga tarihin nan, maganar zaman lahiyar aikido ta yi nauyi ne a bakin mutanen da sunka ga inda son fin ƙarfi ya kai ƙasarsu. Wanda bai taɓa iya cutar da kowa ba, in ya ce ba ya cutarwa, ba wanda zai yi mamaki. Wannan tsoho ya iya, ya koya wa masu yi, ya ga toka, sannan ya ce a sake hanya. Na fi ganin girmansa da na san wannan, ko da yake ban wanke shi ba.

Daga cikin abin da ya hana akwai gasa. A aikido na Aikikai ba kambu, ba takobi, ba alƙali, ba wanda ya ci. Dalilinsa, da an sa gasa, abokin horonka ya zama abokin gaba, ka fara ɓoye mashi abin da ka sani, ka fara murna da rauninsa. Wani babban almajirinsa, Kenji Tomiki, wanda ya fito daga judo, bai yarda ba. Ya ce dabarar da ba a gwada ta da mai turjewa ba, ba a san ko tana aiki ba, ya shigo da gasa a jami'ar Waseda, salonsa ya rabu. Wani kuma, Gozo Shioda, ya kafa Yoshinkan a 1955, salo mai tsauri da ƴan sandan Tokyo ke horo da shi. Kuma ina gaya muku, Tomiki yana da gaskiya wani wurin. Ɗan kokowa ba ya iya ruɗin kansa, fili yana gaya mashi gaskiya duk shekara. Ɗan aikido yana iya shekara 20 abokai suna faɗuwa mashi cikin ladabi, ya ɗauka shi wani abu ne. Na ga irinsu da yawa. Na taɓa zama ɗaya daga cikinsu.

Saboda haka tambayar da na san tana bakin da yawanku, in an tare ni da wuƙa aikido zai cece ni, amsata ita ce kada ka jingina ranka da shi. Ɗan dambe ko ɗan judo na shekara ɗaya zai wahalar da ɗan aikido na shekara uku, wannan ba sirri ba ne. Wuƙa kuwa, malamina ya taɓa ba wani sabon ɗalibi alli ya ce ya yi ta sukarmu da gaske yadda ya ga dama. Mu huɗu ne masu daɗewa, ba wanda ya fita ba zanen alli a riga. Ya ce to kun gani, ku ba da waya ku tafi gida. Abin da horon ke ba ka na gaske shi ne sanin tazara, abin da suke kira ma-ai: ka lura mutum ya matso fiye da kima tun bai ɗaga hannu ba, ka san ta ina za ka fita, kada tsoro ya daskarar da kai, ka iya kuɓuta in an riƙe maka hannu ko riga. Ga ƴan uwana mata musamman, wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Kuma maza da mata horo ɗaya suke yi, ba a raba mutane da nauyi, na sha ƙasa a hannun matar da ba ta kai kilo 55 ba.

Yanzu labarin nikyo. Shekarata ta huɗu, na fara jin kaina. Wani sabon yaro ya shigo, ɗan shekara 19, mai ƙarfi, ya yi ɗaga ƙarfe. Aka haɗa ni da shi. Na kama hannunsa zan yi nikyo, ya sandare, ya dube ni yana murmushi, irin murmushin nan na "ina abin yake?". Abin da ya kamata in yi na san shi: in sassauta, in motsa ƙafa, in ɗauke mashi daidaito tukuna, ko in bar shi kawai tunda sabo ne bai san haɗarin da yake ciki ba. Ban yi ba. Na sauke nauyina duka bisa wuyan hannunsa lokaci guda. Na ji ƙarar da kunnena. Ya zube yana riƙe da hannu, jijiya ta yage, aka kai shi asibiti, ya yi makonni hannu na ɗaure ana cikin lokacin jarrabawa. Bai sake dawowa ba.

Malam bai yi mani faɗa gaban mutane ba. Da aka tashi ya kira ni ya ce: yaron nan shi ya ba ka hannunsa da kansa, aro ya ba ka don ka koya, ka mayar mashi da shi a karye. Sannan ya tambaye ni, wa ka gani lokacin da ka danna? Ban amsa ba, amma na sani. Yaron lungun nan ne mai mari. Shekara huɗu ina tsammanin na wuce wurin, ashe yana nan zaune yana jiran wanda zai yi mani murmushi. Wata biyu malam ya hana ni yin nage. Uke kaɗai, kowa ya jefa ni, har yara. Na je asibiti na ba yaron haƙuri, ya ce ba komai, amma bai dube ni ba, kuma har yau in na kama wuyan hannun wani sai na tuna da shi.

In kun tambaye ni falsafar aikido, daga nan na fahimce ta, kafin nan haddace ta kawai na yi. Duk salon faɗa yana koya maka ka kare kanka. Aikido ya ƙara wani sharaɗi mai nauyi: wanda ya kawo maka hari, jikinsa ma amana ne a hannunka. Shi ya sa ake tsara jifa yadda mutum zai samu hanyar mirginawa, ake lanƙwasa gaɓa ta inda take lanƙwasuwa, ake dannawa sannu-sannu, da ya bugi katifa da hannu ka saki. Ueshiba yana yawan rubuta wata magana da alƙalaminsa, masakatsu agatsu, ma'ana nasara ta gaskiya ita ce wadda ka yi bisa kanka. Ku kun san hadisin da ke bayanin wane ne mai ƙarfi na haƙiƙa, tun muna makarantar allo anka karanta mana shi, ba sai Bajapane ya gaya mana ba. Abin da ɗakin horo ya ƙara mani shi ne wurin gwaji. Sau uku a sati wani ya shaƙe maka riga, ya kawo maka sara a ka, zuciyarka ta taso, hannunsa yana cikin naka, kuma dole ka zaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa gwada riƙe fushinsa cikin wasa ba, ranar da wani ya zagi uwarsa a bakin fada ko mai mota ya goge mashi babur, ba ranar ce zai fara koyo ba.

Akwai maganar da wata ƙanwata ta aiko mani a waya tun jiya, maganar sunkuyawa, kuma tana da hujja. A Japan ana fara darasi a durƙushe, a sunkuya ga gaban ɗaki inda hoton Ueshiba yake, a sunkuya ga malami, goshi ya kusa ƙasa. Ga Bajapane gaisuwa ce, haka yake yi wa baƙo da surukinsa. Amma Ueshiba kansa mutum ne mai zurfi cikin addininsa, kuma a Iwama wurin ibada ne sosai ke kusa da ɗakin horo, ba za a ce ba abin dubawa ba. Inda na koya kusan dukkanmu musulmi ne. Wasu na sunkuyawa kaɗan, wasu ba sa yi. Ni hannu nake ɗorawa a ƙirji in ɗan rusunar da kai ga abokin horona kamar yadda nake gaida babba a gida, ba na kai goshi ƙasa, hoto kuma ba na sunkuya mashi. Manyan malamai sun zo mana daga Faransa, ba wanda ya taɓa cewa in fita. Malamin da ya ce sai ka yi abin da zuciyarka ba ta natsu da shi ba, ka nemi wani.

Na ambaci Faransa don ta can ne wasan ya fi biyowa zuwa ƙasashenmu. Minoru Mochizuki ya kai shi can a 1951, Tadashi Abe ya biyo a 1952, Nobuyoshi Tamura ya sauka a 1964 ya zauna har ƙarshen ransa, kuma almajiransu ne sunka yaɗa shi a arewacin Afirka da yammacinta. Yau ana yin sa a ƙasashe fiye da 100. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, a garuruwanmu samun malamin judo ko karate ko taekwondo ya fi sauƙi nesa. Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa daga Rio a 2016 ya kuma zama zakaran duniya a 2017, yara sun cika wuraren taekwondo. In judo ke kusa da kai, shiga judo, faɗuwar da na yi ta yabo suna koyar da ita da kyau, kuma gidajen biyu ƴan uwa ne: Jigoro Kano, mai judo, ya je ya kalli Ueshiba a 1930, ya kuma aiko mashi da almajiransa, Mochizukin nan yana cikinsu. Abin da nake roƙonku da Allah, kada ku kalli bidiyo ku kama hannun ƙannenku ku murɗa, kada kuma ku gwada mirginawa bisa siminti. Wuya ba ya da ɗori. In kun samu malami, ku je ku zauna ku kalli darasi guda kafin ku biya ko dala. Ku duba yadda yake jifar sabbi, ku duba ko shi ma yana yarda a jefa shi, ku ƙirga masu ɗaure da bandeji.

Baƙar ɗamara kuwa, tunda na ga wani yana nuna ƙugunsa, na same ta a shekara ta shida. Sunan matakin shodan, ma'anarsa matakin farko. Ranar da anka ba ni, malam ya ce madalla, yanzu ana iya fara koya maka.

Lokaci ya ja, magariba ta kusa. Mun aro katifu huɗu, suna can bayan ɗaki. Masu benci na gaba ku taimaka ku ja su gefe. Ina son mutum shida, uku maza uku mata, ku cire takalmi da agogo da zobe, ku fitar da waya da makulli daga aljihu. Wanda ke da ciwon wuya ko na baya ya zauna ya kalla. Kai ƙanena mai tambayar Nico, taso, da kai za mu fara. Durƙusa nan, gwiwar hagu a ƙasa, haɓa ga ƙirji.